Alaji da ƙwayoyin T: me ya sa maganin histamin ba ya isa?

Tambaya: Likita, ɗana yana da shekara 6. Tun yana jariri yake fama da ciwon fata mai ƙaiƙayi da aka ce mana ekzima ce. Daga baya muka gane ƙwai na tayar masa da borin jini, yanzu kuma an ce asma ta shigo. Kullum ana ce mana histamin ne ke jawo alaji, amma maganin histamin ba ya yi wa asmar komai, ƙaiƙayin ma kaɗan yake ragewa. Na karanta cewa wasu ƙwayoyin jini da ake kira T ne tushen abin. Mene ne aikinsu? Ko garkuwar jikinsa ce ta yi rauni?

Amsa: Malama, Allah ya ba yaro lafiya. Zan fara da tambayarki ta ƙarshe, domin ita ce ke hana iyaye barci. Garkuwar ɗanki ba rauni ta yi ba. Tana aiki, har ma da ƙwazo. Abin da ya faru shi ne ta yi kuskure wajen tantance abokin gaba: ta ɗauki furotin ɗin ƙwai da ƙurar ɗaki a matsayin abin cutarwa, ta kuma riƙe wannan kuskure ba ta mantawa. Masu yanke hukuncin, kuma masu riƙe shi shekara da shekaru, su ne ƙwayoyin T. Histamin, sinadarin da jiki ke saki a lokacin alaji, ɗan aike ne. Idan kika tare ɗan aike a bakin ƙofa, wanda ya aiko shi yana nan zaune, kuma ba shi kaɗai ne ɗan aikensa ba.

Ƙwayoyin T suna cikin fararen ƙwayoyin jini. Asalinsu daga ɓargo ne, amma sai sun je wata ƙaramar gaɓa da ke bayan ƙashin ƙirji, wadda ake kira taimos, kafin su balaga. Kowace ƙwaya tana fitowa da abu ɗaya tak da take iya ganewa, wani ɗan gutsuren furotin. Ba ta kuma ganinsa da kanta. Akwai wasu ƙwayoyi masu gadi a fata da hanci da huhu da hanji, waɗanda ke kama duk baƙon abu, su farfasa shi, su kai gutsattsarinsa kaluluwa, su nuna wa ƙwayoyin T. Ba gutsuren kaɗai suke kaiwa ba, har da labarin yanayin da suka tsince shi: ko wurin lafiya lau yake, ko akwai rauni da kumburi. Wannan labari shi ke sa sabuwar ƙwayar T ta zaɓi irin aikin da za ta yi har ƙarshen rayuwarta, kuma 'ya'yanta su gaje shi.

A 1986 wasu masana biyu a Amurka, Tim Mosmann da Robert Coffman, suka nuna a jikin ɓeraye cewa ƙwayoyin T masu ba da umarni, waɗanda ake wa alama da CD4, ba iri ɗaya ba ne. Suka raba su gida biyu, Th1 da Th2. Th1 na fuskantar ƙwayoyin cutar da ke ɓuya a cikin ƙwayoyin jikinmu, irin su tarin fuka. Th2 kuwa aikinta na asali shi ne tsutsotsin ciki da makamantansu, halittun da suka fi ƙarfin a haɗiye su, sai dai a kore su. Ta yaya jiki ke korar tsutsa? Ya zubo majina mai yawa, ya matse tsokar hanji, ya sa tari da atishawa da ƙaiƙayi. Ki sake duba wannan jeri da kyau, za ki ga alamomin ɗanki ne. Alaji shi ne wannan shiri na korar tsutsa idan aka juya shi kan abin da ba ya cutarwa.

Th2 tana aiki ne ta hanyar sinadaran saƙo da take saki, kuma uku ne manya. Na farko, IL-4, shi ke umartar ƙwayoyin B, masu ƙera antibodi, wato furotin ɗin kariya mai kama baƙon abu, da su koma ƙera wani nau'i mai suna IgE, wanda aka gano a tsakiyar shekarun 1960. Wannan IgE yakan je ya manne a jikin ƙwayoyin mast da ke zaune a fata da hanyoyin numfashi da hanji, cike da histamin, ya zauna makonni har watanni yana jira. Shi ya sa haɗuwar farko da abu ba ta nuna komai. Sai an sake haɗuwa, ƙwai ya taɓa IgE ɗin, ƙwayoyin mast su fashe da abin da ke cikinsu, cikin mintuna a ga borin jini, kumburin leɓe, atishawa. A wannan mataki maganin histamin yana da amfani ƙwarai, kuma a nan ƙarfinsa ya tsaya.

Na biyu, IL-5, yana sa ɓargo ya ƙara haifar wasu fararen ƙwayoyi da ake kira iyosinofil, ya kuma tsawaita rayuwarsu. Suna ɗauke da sinadarai masu ƙuna da aka tanada domin jikin tsutsa, amma idan suka taru a bututun numfashi, bangon bututun suke ci. Na uku, IL-13, shi ne ke sa majina mai kauri, ya sa tsokar da ke kewaye da bututun ta zama mai saurin matsewa, ta yadda iska mai sanyi ko dariya ko gudu kaɗai ya isa ya tayar da ciwo. Idan aka daɗe a haka, bangon yakan yi kauri na dindindin. Babu hannun histamin a yawancin wannan. Wani bincike da aka yi a Landan a 1992 ya wanko ruwa daga huhun masu asmar alaji, ya sami ƙwayoyin Th2 sun yi rinjaye a ciki, kuma tun daga nan likitoci suka ƙara tabbatar da cewa asma ciwon kumburi ne mai ci a hankali, ko da a ranakun da yaro yake wasa lafiya.

Haka batun ƙaiƙayin ekzima yake. Th2 tana sakin wani saƙo, IL-31, wanda ke taɓa jijiyoyin fata kai tsaye, kuma IL-4 da IL-13 suna ƙara wa jijiyoyin saurin ji. Ƙaiƙayi ne da bai bi ta kan histamin ba. Ɗan sauƙin da kike gani da daddare, musamman da tsofaffin magungunan histamin, yawanci barcin da suke sawa ne.

Akwai wani gyara da aka yi wa wannan bayani daga baya. Umarnin ƙera IgE a cikin kaluluwa ake bayar da shi, kuma masu bayar da shi wasu ƙwayoyi ne 'yan'uwan Th2 da ake kira Tfh, waɗanda ke zama kafaɗa da kafaɗa da ƙwayoyin B. A 2019 masu bincike a jami'ar Yale suka bayyana wani reshensu, Tfh13, da ke sa a ƙera IgE mai tsananin riƙo, irin wanda ke iya kaiwa ga anafilaksis, wato alajin da ke toshe numfashi ya zubar da ƙarfin jini. Wannan na daga cikin dalilan da ke sa yara biyu su nuna IgE na ƙwai a gwaji, ɗaya ya ci lafiya, ɗaya ya kwana a asibiti.

Jerin da kika ba ni, fata da farko, sannan abinci, sannan asma, sananne ne a wurinmu, ko da yake ba kowane mai ekzima ne ke bin sa ba. Fatar mai ekzima tana da ƙofofi. Idan ta tsage ko aka sosa ta, ƙwayoyin samanta sukan saki saƙonnin neman agaji, irin su TSLP da IL-33, masu gaya wa ƙwayoyin gadi cewa an yi ɓarna. Duk furotin ɗin da ya shiga ta wannan tsaga a lokacin, ko ɗan ɓurɓushin abinci ne daga hannun mai ɗaukar jariri, za a kai shi kaluluwa tare da mummunan labari, ƙwayar T ta zama Th2. A 2006 masana a Dundee ta Sikotilan suka gano cewa naƙasa a ƙwayar gadon wani furotin na fata mai suna filagirin tana ƙara haɗarin ekzima da asmar da ke biyo ta. Abin takaici, IL-4 da IL-13 da kansu suna rage filagirin ko a fatar wanda bai gaji naƙasar ba. Fata ta tsage, Th2 ta ƙaru, Th2 ta ƙara tsaga fatar. Saboda haka nake ɗaukar shafa mai da kwantar da ekzima da muhimmanci fiye da yadda yawancin iyaye ke ɗauka.

Hanji kuwa akasin haka yake koyarwa, kuma a nan ne za mu zo ga ƙwayoyin da na fi so ki fahimta. Mutane na zaton wanda ba shi da alaji, garkuwarsa ba ta ga ƙwai ba ne. Ta gani sarai. Tana da ƙwayoyin T da suka gane furotin ɗin, amma sun zama wani nau'i mai kwantar da tarzoma, wanda ake kira Treg. Waɗannan suna sakin saƙonnin kwantarwa, IL-10 da TGF-beta, suna danne Th2, suna lallashin ƙwayoyin mast, suna karkatar da ƙwayoyin B daga IgE zuwa wani antibodi marar tashin hankali, IgG4, wanda ke kama furotin ɗin kafin ya kai ga IgE. Zaman lafiya da abinci aiki ne da jiki ke yi kullum, ba rashin aiki ba.

Shimon Sakaguchi na Japan ne ya fito da waɗannan ƙwayoyi fili a 1995. A 2001 Mary Brunkow da Fred Ramsdell suka gano ƙwayar gadon da ake kira FOXP3, wadda daga baya aka tabbatar ita ke mayar da ƙwayar T ta zama Treg. Su ukun suka karɓi kyautar Nobel ta fannin likitanci a 2025. Hujjar da ta fi ratsa ni ita ce ta jariran da ake haifa da naƙasar FOXP3, ciwon da ake kira IPEX, wanda ba kasafai ake samunsa ba. Tun a watannin farko garkuwarsu ke afka wa hanjinsu da wasu gaɓoɓi, ga ekzima mai tsanani, ga IgE ya yi sama, sau da yawa ga alajin abinci. Cire Treg kaɗai ya isa ya saki Th2.

Masu kiwon ƙudan zuma sun ba mu wata hujjar. Masana a Suwizalan sun bi su, suka buga sakamakon a 2008. A farkon kakar aiki, idan harbi ya yawaita, cikin mako guda ƙwayoyin T ɗinsu masu gane dafin sukan juya su koma masu sakin IL-10, kumburin wurin harbi ya ragu. Bayan kaka ta wuce da 'yan watanni, sai abin ya koma yadda yake, wata shekara ya sake juyawa. Ma'ana, hukuncin ƙwayoyin T yana iya sauyawa, amma yana buƙatar a riƙa tuna masa.

Wannan fahimta ta sauya shawarar da ake ba iyaye. Shekaru da yawa ana cewa a jinkirta ba jariri mai ekzima abincin da ke yawan jawo alaji. Binciken LEAP da Gideon Lack ya jagoranta a Landan, wanda aka buga a 2015, ya ɗauki jarirai 640 'yan wata 4 zuwa 11 masu ekzima mai tsanani ko alajin ƙwai. Rabi aka riƙa ba su abinci mai gyaɗa, rabi aka hana su. Da suka kai shekara 5, kusan kashi 17 cikin 100 na waɗanda aka hana sun kamu da alajin gyaɗa, waɗanda suka ci kuwa kusan kashi 3 ne. Hanawar ta bar fata ita kaɗai tana koyar da garkuwa, hanji bai sami damar faɗin nasa ba. Amma ki lura, wannan rigakafi ne ga wanda bai riga ya kamu ba. Ba izini ba ne na ba ɗanki ƙwai a gida.

Za ki ji ana cewa yawan tsafta ne ya kawo alaji. Asalin maganar daga David Strachan ne, wanda a 1989 ya duba bayanan yara sama da 17,000 a Birtaniya, ya ga cewa yaron da ke da yayye da yawa bai cika yin murar alaji ba. Da farko an fassara wannan da cewa cututtukan ƙuruciya na ƙarfafa Th1, ita kuma ta danne Th2. Bayanin bai tsaya da ƙafarsa ba. Cututtukan da garkuwa ke afka wa jikin mai ita, waɗanda Th1 ke da hannu a ciki, su ma ƙaruwa suka yi a ƙasashen da alaji ya ƙaru. Sannan wani bincike a Gabon a shekarar 2000 ya nuna cewa yara masu tsargiya, waɗanda Th2 da IgE ɗinsu ke sama ƙwarai, sun fi sauran ƙarancin nuna alajin ƙwarin ƙura, wato ƙananan ƙwarin da ke zaune cikin ƙurar ɗaki, a gwajin fata, kuma an danganta hakan da yawan IL-10. Abin da ke raguwa a rayuwar zamani ɓangaren kwantarwa ne, wanda cuɗanya da ƙananan halittu marasa cutarwa, musamman na cikin hanji, ke renonsa tun ƙuruciya. Kada wani ya ɗauki wannan ya bar tsutsa a cikin yaro ko ya daina wanke hannu. An gwada ba masu alaji tsutsa da gangan a matsayin magani, bai yi aiki ba. Haka kuma ba na ba da shawarar kayan da ake tallatawa da sunan ƙara ƙarfin garkuwa. Ƙarfi ba shi ne ya yi wa ɗanki ƙaranci ba.

Sauran nau'o'in zan taɓa su a gurguje. Th9 na ƙara yawan ƙwayoyin mast. Th22 na da hannu a kaurin da fata ke yi idan ekzima ta tsufa. Th17 na kiran wasu fararen ƙwayoyin daban, niyutirofil, kuma ana samun ta a wasu masu asma mai tsanani, galibi manya, waɗanda sitiroyid, maganin kwantar da kumburi, ba ya yi musu aiki sosai, ko da yake maganin da aka gwada don toshe saƙonta bai taimaki masu asma ba. Akwai ma wasu ƙwayoyi, ILC2, da aka bayyana a 2010, waɗanda ba T ba ne amma suna sakin IL-5 da IL-13 da zarar sun ji kukan fata ko huhu, ba tare da sun gane wani furotin ba.

Wanda ya cancanci a ɗan tsaya a kansa shi ne alajin da babu IgE a cikinsa sam. Mai sa ɗan kunne ko agogo mai ƙarfen nikel, ko mai shafa rinin gashi mai sinadarin PPD, sai bayan kwana ɗaya zuwa uku ya ga ƙuraje masu ruwa daidai inda abin ya taɓa. Wannan aikin Th1 ne da wasu ƙwayoyin T da ake wa alama da CD8, waɗanda ke kashe ƙwayoyin fatar da sinadarin ya manne wa. Jinkirin kuwa shi ne lokacin da suke ɗauka kafin su taru. Gwajin jini na IgE ba zai nuna komai ba, sai gwajin da ake manna abin a baya a duba bayan kwana biyu, a sake dubawa bayan kwana ɗaya ko biyu. Wasu daga cikin waɗannan ƙwayoyi sukan tare a fatar ba su tashi, shi ya sa ƙurji ke dawowa wuri ɗaya, har da tabon da wasu magunguna ke fitarwa a gurbi guda duk lokacin da aka sha su. Mafi munin wannan iyali shi ne ciwon Stevens-Johnson, inda CD8 ke sa fata da baki da ido su saɓule, yawanci cikin makonnin farko na fara wasu magunguna irin su kabamazafin, alofurinol da dangin salfa. Zazzaɓi da ƙuraje da gyambon baki bayan fara sabon magani, asibiti ne a take.

Yanzu ki dubi magungunan ɗanki da wannan ido. Abin shaƙar da ke buɗe ƙirji nan take, salbutamol, tsoka kawai yake sassautawa. Na sitiroyid shi ke hana Th2 sakin saƙonninta, ya rage iyosinofil, kuma shi ne ke hana ciwo tashi. Iyaye da yawa sukan ajiye shi don ba su ga ya yi komai a take ba, su riƙe na farkon, alhali wanda suka ajiye ne ke kare rai. Tun 2019 ƙa'idojin kula da asma na duniya suka daina amincewa da dogaro da mai buɗe ƙirji shi kaɗai ga manya da matasa, kuma ga yara masu shekarun ɗanki ma ana so a haɗa da na sitiroyid. A fata, man sitiroyid da man takarolimus duk ƙwayoyin T suke kwantarwa.

Ga waɗanda ciwonsu ya gagari wannan, akwai allurai masu toshe saƙo ɗaya ko biyu. Omalizumab, tun 2003, yana kama IgE. Dupilumab, tun 2017, yana toshe IL-4 da IL-13 tare, shi ya sa yake yi wa ekzima da asma aiki a lokaci guda. Tezepelumab, a ƙarshen 2021, ya tare TSLP tun daga tushe. Labarin mepolizumab, mai toshe IL-5, yana da darasi ga likitoci. A gwajin shekarar 2000 ya rage iyosinofil amma bai sauya asmar ba, har wasu suka fid da rai. A 2009 aka sake gwada shi a kan waɗanda aka tabbatar iyosinofil ɗinsu na da yawa kuma ciwon na yawan tashi, sai ya rage tashin ciwon sosai, aka amince da shi a 2015. Asma ba ciwo ɗaya ba ce, sai an san wace ƙwaya ke tuƙa ta.

Duk waɗannan dannewa suke yi, da an daina ciwon kan dawo. Hanya ɗaya da ke taɓa hukuncin kansa ita ce a riƙa ba jiki abin da yake ƙi kaɗan-kaɗan, ta allura ko ƙarƙashin harshe, ana ƙarawa a hankali. Leonard Noon ya fara ta a Landan a 1911 da ƙurar furen ciyawa, tun ba a san akwai ƙwayoyin T ba. Yau mun san Treg take ƙarawa, ta rage Th2, ta haɓaka IgG4. Tana ɗaukar aƙalla shekara 3, kuma ga murar alaji amfaninta yakan ci gaba shekaru bayan an gama. Idan gwaji ya nuna ƙwarin ƙura ne ke tayar wa ɗanki da ciwo, ki tambayi likitansa ko ya dace da ita, amma ba a fara ta sai asma ta kwanta. Ki kuma guji gwajin da ke auna antibodin IgG na abinci iri-iri a ba ki dogon jerin abin da za a hana yaro. IgG alama ce ta cewa ya ci abin, sau da yawa ma alamar jituwa ce.

Game da ƙwai, yawancin yara sukan rabu da alajinsa yayin da suke girma, kuma kusan kashi 70 cikin 100 na masu shi suna iya cin wanda aka gasa sosai a cikin fulawa, domin zafi yana sauya siffar furotin ɗin da IgE ke kamawa. Ko ɗanki na cikinsu, a asibiti ake gwadawa, gaban likita, ba a gida ba. Kafin nan ki sani cewa alajin abinci tare da asmar da ba ta kwanta ba shi ne haɗin da muka fi jin tsoro. Idan ya ci ƙwai bisa kuskure kika ga numfashinsa ya sauya, ko muryarsa ta dushe, ko ya yi laushi, kada ki tsaya jiran maganin histamin ya yi aiki. Allurar adirinalin a tsokar cinya ita ce maganin farko, sannan asibiti. Ki nemi likitansa ya rubuta miki wannan tsari a takarda, a ba malaman makarantarsa kwafi.